Saita Ma'aunin Tsayi a Jirgin Kwamfuta: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Agege

Wanda ya kwana a Agege ba sai an gaya masa jiragen safe sun fara sauka a Ikeja ba, ƙararsu ce ke tashinsa. Yawancinmu da muka haɗa kwamfuta da sandar tuƙi a ɗaki muna koyon jirgi, daga ɗaga kai muna kallon cikin waɗannan jirage abin ya samo asali. Ranar Asabar bayan la'asar, idan akwai wuta ko an tada janareta, ƙanne da abokai kan taru a wurina, wasu daga Idi-Araba, wasu daga Mile 12, kowa ya karɓi sanda ya gwada. Na lura akwai agogo ɗaya a gaban matuƙi da kowa ke kallo amma ba mai taɓa shi, wato ma'aunin tsayi, wanda ake kira altimita. Tambayoyin nan su suka fi maimaituwa a kansa, kuma na rubuta su yadda ake yi mini su.

Yaya, ba na'ura ba ce? Me ya sa sai an saita ta kafin ta faɗi gaskiya?

Saboda ma'aunin ba ya ganin ƙasa. Abin da yake ji kawai shi ne nauyin iskar da ke danne jirgi. A cikinsa akwai ɗan gwangwani mai laushi da aka zuƙe wa iska. In jirgi ya hau, iskar waje ta rage nauyi, gwangwanin ya kumbura, sai ya tura hannun agogon. In jirgi ya sauko, ya motse. Kusa da ƙasa, duk hawan ƙafa 27 zuwa 30 yana rage nauyin iska da hektofaskal 1, wato awon da ake auna nauyin iska da shi.

Matsalar ita ce nauyin iska ba ya zama wuri ɗaya. Na safe daban, na yamma daban, na Legas daban, na Kano daban. Jirgi na iya kwana a ajiye bai motsa ba, a wayi gari hannun agogon ya gusa. Don haka dole matuƙi ya gaya wa na'urar daga ina za ta fara ƙirga. Nan ne amfanin 'yar tagar nan mai lambobi a jikin agogon, da abin murɗawa a gefen ƙasa. Ana kiranta tagar Kollsman, da sunan Paul Kollsman, injiniya haifaffen Jamus da ya koma Amurka, wanda ya ƙera ma'auni mai inganci a 1928. Da irin ma'auninsa Jimmy Doolittle ya tashi ya sauka a 1929 ba tare da ya leƙa waje ba.

To wace lamba zan sa a tagar?

QNH na filin da kake. Ita ce nauyin iskar wurin idan aka lissafa shi zuwa daidai da saman teku. In ka sa ta daidai kana tsaye a filin Murtala Muhammed, agogon zai nuna kusan ƙafa 135, domin tsayin filin ke nan daga teku. A Abuja zai nuna sama da ƙafa 1,100 kaɗan, a Kano wajen 1,560, a Jos kuwa sama da 4,200.

Wannan ya ba ka hanyar tantancewa kyauta. Kafin ka motsa jirgi, sa QNH, ka dubi agogon, ka kwatanta da tsayin filin da ke rubuce a taswirarsa. Ƙa'idar da ake koyarwa a Amurka ita ce kada bambancin ya wuce ƙafa 75. In ya wuce, kada ka tashi tukuna, akwai abin da bai zauna daidai ba.

A ina ake samun wannan QNH?

Wuri biyu. Na farko rediyon jirgi: manyan filaye suna da tashar ATIS da ke maimaita bayanin yanayi da titin da ake amfani da shi, lambar tashar kuma tana jikin taswirar filin. Na biyu rahoton yanayin filin jirgi da ake kira METAR, wanda a Najeriya hukumar NiMet ke fitarwa. Lambar filin Legas ita ce DNMM, Kano DNKN, Abuja DNAA. Ga misalin yadda rahoton ke zuwa:

DNMM 141000Z 22008KT 9999 SCT013 29/24 Q1012

Ka nemi harafin Q can wajen ƙarshe. Q1012 na nufin ka sa 1012. Ka kuma dubi lokacin: 141000Z na nufin ranar 14 ga wata, ƙarfe 10 agogon duniya, wato ƙarfe 11 na safe a Legas, tunda muna gaba da awa ɗaya. Rahoton da ya yi awa uku ya tsufa, nemi sabo.

Idan babu rediyo babu rahoto, kuma kana ƙasa, murɗa har sai agogon ya nuna tsayin filin. Lambar da ta bayyana a tagar ita ce QNH ɗinka.

Malam, ni fa ban taɓa murɗa abin nan ba, kuma kullum lafiya nake sauka a Ikeja. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Legas na kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 da rabi kacal arewa da layin ikwaita. A irin wannan yanki nauyin iska ba ya yawo da nisa. Kusan ko yaushe ka duba rahoton DNMM za ka tarar da lambar tana kewayen 1010 zuwa 1014. Jirgin kwamfuta kuma yakan buɗe da 1013 a tagarsa. Ke nan ko ba ka taɓa komai ba, kuskurenka bai cika wuce hektofaskal 2 ko 3 ba, ƙafa 60 zuwa 90. Ga rana tsaka, ga titi shimfiɗe a gabanka, idonka ya gyara sauran. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a sararin Legas lallai ya sani.

Sai dai garin ne ke rufa maka asiri, kuma ba zai bi ka Turai ba. Ranar da ka ce bari ka gwada sauka a Landan cikin watan Janairu, ka kunna yanayi na gaskiya, kana iya samun QNH 985, ga gajimare har kusan ƙasa. Tagarka na kan 1013. Bambancin hektofaskal 28 ke nan, kusan ƙafa 800. Agogon zai ce kana ƙafa 1,000, alhali tsakaninka da matakin teku bai fi ƙafa 200 ba, kuma ba ka ganin komai ta gilashi. Na sha ganin wannan a ɗakina: yaro ya iya riƙe sanda, ya iya daidaita gudu, jirgi ya tafi sumul, sai kawai bishiyoyi su fito daga cikin hazo. Yakan ɗauka manhajar ce ta lalace. Manhajar lafiyarta ƙalau.

Abin da ke damuna shi ne wasu daga cikin yaran nan da gaske suke. Akwai masu burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Hannun da ya saba tsallake tagar nan sau ɗari a gida, zai tsallake ta ranar da ya gaji a jirgin gaske. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni a wurina ba wanda ke sakin birki sai ya faɗi QNH da baki, ya sa ta, ya karanta tsayin filin, ko da lambar ta zo daidai da 1013 ɗin da ke tagar tun farko.

Wani abu kuma da zai ba ka sha'awa: a ƙasashe masu zafi irin tamu nauyin iska na hawa da sauka sau biyu a rana kamar ruwan teku a bakin gaɓa. Yakan kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya faɗi wajen 4 na yamma da 4 na asuba. Ka bi rahoton DNMM na yini guda za ka gani da idonka. Wanda ya tashi da hantsi ya dawo da la'asar, lambar da ya fita da ita ba ita zai tarar ba.

Wane kuskure ya fi haɗari, lambar ta yi yawa ko ta yi kaɗan?

Ta yi yawa. Duk lokacin da lambar tagarka ta fi QNH na gaskiya, agogon na ƙara maka tsayin da ba ka da shi, kai kuma kana ƙasa da inda kake zato. Haka ma in ka tashi daga wuri mai nauyin iska ka shiga wuri mai ƙarancinsa ba ka sabunta ba. Jirgin zai riƙa zamewa ƙasa a hankali agogon na nan a tsaye.

Kada a ɗauka ƙwararru sun wuce wannan. Ranar 23 ga Mayu 2022 wani Airbus A320 da ya taso daga Sitokhom yana shirin sauka a filin Charles de Gaulle na Faris. QNH na gaskiya 1001 ne, amma aka karanta wa matuƙan 1011, suka sa. Hektofaskal 10, kusan ƙafa 280. Ana ruwa, ba sa ganin titi, kuma irin saukar da suke yi, kwamfutar jirgi na zana gangarar ne daga abin da ma'aunin tsayi ya faɗa, don haka komai a gabansu ya nuna daidai. Binciken hukumar BEA ta Faransa, mai bin diddigin haɗarin jirage, ya nuna jirgin ya kai ƙafa 6 daga ƙasa, tun bai iso titi ba, kafin ya sake ɗagawa. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Lamba ɗaya ce ta canza a cikin huɗu.

Tawa tagar 29.92 take nunawa, ba 1013 ba. Jirgina ne daban?

Awo ne daban, kamar mudu da tiya. Amurka da Kanada suna auna nauyin iska da incin zaiba, mu da yawancin duniya muna amfani da hektofaskal. 29.92 daidai yake da 1013.25. Inci 1 yana da hektofaskal 33.86, don haka ka raba QNH da wannan lamba: 1012 ya zama 29.88, 1009 ya zama 29.80. A rahoton Amurka za ka ga A2992 a madadin Q1013.

Ya fi sauƙi ka sauya awon a jirgin. A Boeing 737 zoben waje na abin murɗawar BARO yana zaɓar IN ko HPA, Airbus A320 ma yana da zobe irin wannan. A ƙananan jirage masu allon Garmin G1000, zaɓin yana ƙarƙashin maɓallin PFD. Ka kiyaye tarko guda: in an ce maka 992 a Turai, hektofaskal 992 ake nufi. Kunnen da ya saba da 29.92 yakan ji kamar ita ce, ya bar tagar yadda take, ya tafi da kuskuren ƙafa 600 a gefen da ke kashewa.

Yaushe ake komawa 1013, kuma don me?

Ka ɗauki jirgi biyu a sararin Neja, ɗaya ya taso daga Legas da QNH na Legas, ɗaya daga Kano da na Kano. Kowane agogo na ƙirga daga mafari daban, don haka ba wanda zai iya tabbatar da tazarar da ke tsakaninsu. Maganin shi ne, in an wuce wani tsayi, kowa ya sa 1013, a daina cewa ƙafa kaza, a koma cewa mataki kaza. FL350 na nufin agogo na nuna 35,000 a kan 1013. Ko ainihin tsayin ya ɗan bambanta ba komai, tunda kowa kuskure iri ɗaya yake ɗauke da shi. Tun Satumban 2008 jiragen da ke tsakanin FL290 da FL410 a sararin Afirka ƙafa 1,000 kacal ke raba su, ka ga babu wurin wasa.

Tsayin da ake sauyawa ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Amurka ƙafa 18,000 ne, kuma da yake yawancin bidiyon koyarwa daga can suke fitowa, yaranmu sun haddace wannan lamba kamar ita ce ta duniya. A filayenmu ana sauyawa tun ƙasa da haka nesa ba kusa ba, lambar kuma na rubuce a taswirar kowane fili. In kana hawa, ka koma 1013 da ka kai tsayin sauyin. In kana saukowa, ka koma QNH na filin da za ka da zarar an ba ka izinin sauka zuwa wani tsayi na ƙafa, ko ka iso matakin sauyin. A Airbus jawo abin murɗawar yana ba da STD, wato 1013, tura shi yana dawo da QNH. A Boeing 737 maɓallin STD na tsakiyarsa.

Mantuwar saukowa ta fi ta hawa muni, don ƙasa kake tunkara.

An ce in na danna B a kibod komai ya saitu. Gaskiya ne?

A Microsoft Flight Simulator na 2020 da tsohon FSX, e, harafin B na saita ma'aunin da yanayin inda jirgin yake. Wasu jiragen da ake saya daban ba sa jin wannan umarni. Ban hana mai shan iska amfani da shi ba. Wanda ke koyo kuwa, ya sa lambar da hannunsa tukuna, sannan ya danna B ya ga ko hannun agogon zai motsa. In bai motsa ba, ya ci jarrabawa.

Ni na fi son agogon ya nuna sifiri in na taɓa ƙasa. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, sunansa QFE, kuma akwai masu shawagi kewayen fili ɗaya da ke amfani da shi. A Legas bambancinsa da QNH hektofaskal 5 ne kawai. Amma tsaunuka da dogayen ƙarafan sadarwa da ke taswira duk daga teku aka auna su, kuma da ka bar filin sifirinka ya tashi daga aiki. Ka gwada a Jos ma ka gani: kafin agogo ya nuna sifiri a can sai ka sauko da tagar wajen 870, yawancin ma'aunai kuwa ba sa sauka ƙasa da 950. Zauna a kan QNH.

Zafi da hazon hunturu suna taɓa ma'aunin?

An ƙera ma'aunin ne bisa zaton cewa zafin bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kusan digiri 2 a duk ƙafa 1,000. Iska mai sanyi takan takure, sai jirgi ya kasance ƙasa da abin da agogo ya nuna, kimanin kashi 4 cikin 100 a duk digiri 10 na ƙarin sanyi. Wannan damuwar masu sauka a Mosko ce da tsaunukan Turai. Mu nan zafi ya fi yawa, don haka kuskuren na faɗawa gefen da ba ya cutarwa.

Inda zafi ke cizo shi ne ƙarfin jirgi. Kano a watan Afrilu, zafi digiri 40: agogo zai nuna 1,560 daidai, amma iskar ta yi sirantar da injin da fukafukai za su ji kamar suna kusan ƙafa 5,000. Ka ɗora wa ƙaramin jirgi Cessna 172 mutum huɗu da cikakken mai ka ga yadda za ta ci titi kafin ta ɗaga. Kada ka murɗa tagar don gyara wannan, ba aikinta ba ne.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta shafar ma'aunin. Idonka take ɗaukewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya sauka a Kano har a kasa ganin ƙarshen titi, babu abin da ya rage maka sai agogon nan da lambar da ka sa masa.

Yaya, ina ganin tsayi har kala uku a allo, kowanne da lambarsa. Wanne zan bi?

Tambayar wata ƙanwata ce, kuma ta yi kyau. Na farko shi ne wanda muke magana a kai, mai aiki da nauyin iska. Shi ake tuƙi da shi, shi masu hasumiya, wato masu ba jirage umarni, ke nufi. Na biyu ma'aunin rediyo ne a manyan jirage, yana harba sigina ƙasa ya auna tazarar da ke ƙarƙashin jirgi kai tsaye, yana farkawa daga ƙafa 2,500 zuwa ƙasa, kuma shi ne muryar da ke ƙirga hamsin, arba'in, talatin dab da sauka. Na uku na GPS ne, wanda a can sama kan bambanta da na iska da ɗaruruwan ƙafa ba tare da ɗayansu ya lalace ba.

Ki mai da na rediyon mai shaida. A fili shimfiɗaɗɗe irin Legas, in ya ce 1,000, na iska ya kamata ya kasance kewayen 1,100 zuwa 1,200. In kika ga 1,500, koma ki duba tagar.

Data ta ƙare ko wuta ta ɗauke ina tsakiyar tafiya. Lambar da na sa tana nan daram?

Wannan tamu ce ta 'yan Legas. Yanayi na gaskiya ta intanet yake shigowa manhajar. In layin ya yanke, ko ka sake kunna kwamfuta bayan an dawo da wuta, yanayin cikin manhajar na iya bambanta da wanda ka fara da shi. Haka kuma in ka zaɓi shiryayyen yanayi na sarari garau, nauyin iskar 1013 ne ko me rahoton DNMM na ranar ya ce. Jirginka a cikin iskar manhaja yake tashi, ba a iskar da ke bayan tagar ɗakinka ba. Don haka bayan duk wata yankewa, saurari ATIS na cikin manhajar ka sake saitawa.

Zan fara tashi a VATSIM ko IVAO, dandalin intanet inda mutane na gaske ke ba jiragen kwamfuta umarni. Za su gane in ban saita ba?

Nan take. Na'urar da ke aika tsayinka ga hasumiya kullum a kan 1013 take aikawa, ba ruwanta da abin da ka murɗa, su kuma a can ake gyara lissafin da QNH na gaskiya. In an ce ka tsaya a ƙafa 3,000 kai kuma tagarka ta kauce, kai za ka ga 3,000, shi ya ga wata lamba, ya kira ka. Duk lokacin da aka ba ka QNH, maimaita ta lamba-lamba, ka sa, sannan ka dubi abin da ka ji a ATIS. In sun bambanta da yawa, tambaya. Ba rashin ladabi ba ne, kuma da an yi haka a Faris da an kama kuskuren tun da wuri.

Wane atisaye zan yi in ga abin da idona?

Ajiye Cessna 172 a titi na 18R a Legas. Shiga wurin saita yanayi ka mai da nauyin iska 1000, ka bar tagarka a 1013. Agogon zai nuna kusan ƙafa 500 alhali tayoyinka na kan kwalta. Murɗa a hankali zuwa 1000 kana kallon dogon hannun yana dawowa 135. Sannan ka mayar da tagar 1013, ka sauko da gajimare zuwa ƙafa 400, ka tashi ka kewayo ka gwada sauka. Sau ɗaya ya isa.

Bayan nan ka yi Legas zuwa Kano da babban jirgi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Da yake arewa maso gabas ka nufa, matakinka mara ne a lissafin dubban ƙafa, kamar FL330 ko FL350. Sau uku hannunka zai taɓa abin murɗawar: QNH na Legas kafin ka motsa, 1013 a hawa, QNH na Kano a saukowa. In ka tsaya a gaban ginin filin Malam Aminu Kano ka ja birki, dubi agogon. Ya kamata ya nuna wajen 1,560.